Rabin Rabi

Sana'ata ƙanƙara.
Shekara goma sha ɗaya ina saro ta a Sabon Gari,
in lulluɓe da buhu da garin katako,
in tura baro har Tudun Wada.
Na san hajar da ke guduwa tun tana hannunka.
Shi ya sa da Malam Dogara na ɗakin hoto ya fara bayani
ban bari ya wahala ba.

Ya ce ruwan da za a tsira wa Inna Ladidi a jijiya
ba magani ba ne, fitila ce.
Zai bi jini ya kwanta cikin ƙashi,
inda ciwon ya laɓe nan zai fi haske,
na'ura ta leƙa, ta zana.
Sai dai ruwan bai san jira ba:
awa shida, rabin ƙarfinsa ya tafi,
wata shidan, rabin rabi.
Tukunyar da ake tatsarsa ma tsufa take yi a rufe.

Na ce, ashe ƙanƙara ce.
Ya zare tabarau ya dube ni.
Ƙanƙara ce, in ji shi,
amma wadda jirgi ke ɗaukowa daga bayan teku
cikin darma mai nauyin da ƙato biyu ke nishi.

Barau ɗan ƙanen Inna ya bugo daga Agege,
ya ce can an yi wa maƙwabcinsa a dubu tamanin.
Wata mata a kan benci ta ce ta tambayo Abuja, ɗari da goma.
Takardar da ke aljihuna ta ce ɗari da hamsin.
Jini ɗaya, allura ɗaya, ƙashi irin na kowa.
Na lissafa kuɗin mota zuwa Ikko, mu biyu,
da bayan Inna da ba ya jure ramin Kwangila,
balle kwana a hanya.
Na ninke takardar.

Ban yi fushi da Malam Dogara ba.
Ni ma wanda ke Gyallesu ba na sayar masa
yadda nake sayar wa na bakin kasuwa.
Abin da rana ta sha a hanya
wani ne zai biya,
kuma kullum na nesa ne.

Abin da ya hana ni barci daban ne.
Ya ce tukunya ɗaya ta mutum goma ce a rana,
in shida suka zo, nauyin goma na kan shidan.
Ranar Talata na tsinci kaina a barandar Shika
ina ƙirga marasa lafiya kamar mai ƙirga ciniki.
Bakwai.
Da aka shigo da wani tsoho daga Giwa a keken guragu
sai na ji bakina ya ce alhamdulillahi.
Na fita waje na tsaya bayan motoci
har kunyar ta ɗan lafa.

Firijin da nake tara wa kuɗi tun bara ya tafi,
akuyar Asabe ta bi shi.

An tsira allurar da hantsi.
Inna ta dubi hannunta, ta ce ita ba ta ga wani haske ba,
ko dai an sayar mana da wanda ya huce?
Bayan azahar na'ura ta bi ta daga ka har ƙafa, a hankali,
sai ga ta a gilashi, ƙarama, fara-fara,
da ɗigo uku masu duhu a gadon baya.
Malam Dogara bai ce komai ba. Likita zai faɗa ranar Alhamis.

An ce ta sha ruwa da yawa,
yau kada ta goya jikanta.
A bakin ƙofa ta ce mai sanyi take so.
Na sayi ƙanƙara a hannun wani yaro, tsadar Shika,
ban taya ba.
Kafin mu kai Samaru ta zama ruwa a leda,
Inna tana shanta a haka.